Ranar da Hadari Ya Haɗu a Ɗakin Kwamfutoci

A shekarar 2011 kamfanin Facebook ya buɗe rumbun bayanai na farko da ya gina da kansa, a wani ƙaramin gari mai suna Prineville da ke jihar Oregon ta Amurka. Yankin busasshiyar iska ne, da rana zafi, da dare sanyi. Ganin haka, injiniyoyin kamfanin suka ce ba sai sun girka manyan injinan sanyaya ruwa irin waɗanda aka saba da su ba. Iskar waje za a riƙa jawowa, a tace ta, a yi mata feshin ruwa ta huce, sannan a tura ta ɗakin kwamfutoci. Dabarar randa ce dai: ruwa na tsattsafowa yana ƙafewa, yana tafiya da zafi.

Ba a daɗe da fara aiki ba, a bazarar wannan shekarar, tsarin da ke buɗewa da rufe ƙofofin iska ya yi kuskure. Ya toshe hanyar iskar waje, ya riƙa kwaso zazzafar iskar da kwamfutoci suka fitar yana sake bi da ita ta wurin feshin ruwa, zagaye bayan zagaye. Laimar ɗakin ta haura kashi 95 cikin 100. Gajimare ya haɗu a cikin gini, raɓa ta sauka a kan kayan wuta, wasu kwamfutoci suka mutu, wasu suka ɗauke suka sake tashi. Abin lura shi ne fanka ba ta lalace ba, famfo bai tsaya ba. Kowane inji ya yi abin da aka umarce shi. Umarnin ne ya karkace.

Rumbun bayanai gini ne da aka cika da dubban kwamfutoci marasa allo, waɗanda ake kira saba, an jera su a kantoci layi-layi, suna aiki dare da rana. Saƙon da ka tura ta WhatsApp, kuɗin da ka aika ta manhajar banki, hoton da ka ajiye a intanet, duk sai sun ratsa irin wannan gini. Kuma kusan duk wutar da ta shiga cikin kwamfuta zafi take komawa. Ɗakin da kwamfutocinsa ke shan megawat ɗaya, to zafin megawat ɗaya yake fitarwa ba dare ba rana, kuma dole a san inda za a kai shi. In aka bar shi ya taru, cikin 'yan mintoci injinan za su fara rage gudu, daga nan su kashe kansu.

Wutar da ake magana a kai ba kaɗan ba ce. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin da duniya ta yi amfani da shi. A Amurka, rahoton ɗakin binciken Lawrence Berkeley ya ce sun sha kashi 4.4 na wutar ƙasar a 2023. A Ayilan kuwa, a 2023 ɗin, kasonsu ya kai 21 cikin 100 na wutar da aka auna da mita. Wani ɓangare mai kauri na wannan wuta bai taɓa lissafa komai ba, sanyi kawai aka saya da shi.

Idan ana zancen tsimin wuta a irin waɗannan gine-gine, hankalin mutane yakan tafi kan manyan injina: wane kamfani ya ƙera su, nawa aka saye su. Amma masu aikin sun san cewa ɓarnar ta fi ɓuya a wurin da ba a gani, wato tsarin sarrafawa. Shi ne 'yan ƙananan ma'aunai masu jin zafi da laima, da ƙwaƙwalwar da ke karanta abin da suka ji, da dokokin da aka rubuta mata: in zafi ya kai kaza ƙara gudun fanka, in laima ta yi ƙasa da kaza kunna tururi, in iskar waje ta yi sanyi buɗe ƙofa ka kashe injin ruwa. Inji mai tsada da saiti mara kyau ya fi tsohon inji mai saiti daidai cin wuta.

Akwai wata cuta da masu binciken tsofaffin rumbuna suka sha tararwa. Ɗaki ɗaya, na'urorin sanyaya goma ko ashirin, kowacce da nata ma'aunin laima, kowacce tana yanke hukunci ita kaɗai. Ma'aunin wannan ya ɗan kauce ya nuna iska ta bushe, sai ta kunna tukunyar tururi. Ta kusa da ita ta ji laima ta yi yawa, sai ta shiga busar da iskar. Ita kuwa busarwa, hanyarta ita ce a sanyaya iska fiye da kima har ruwan cikinta ya ɗiga, sannan a kunna hita a sake ɗumama ta don kada ta fito da sanyin da ya wuce buƙata. To ka ga a ɗakin da ake kashe kuɗi don korar zafi, ga hita tana ci, ga tukunya tana tafasa, ga injin sanyi yana faman goge aikinsu. Kuma duk wanda ya leƙa zai ga komai lafiya lau, zafi daidai, laima daidai, babu ƙararrawar da ta yi kuka. Mitar wuta kaɗai ta san abin da ke faruwa.

Fanka ma tana da nata sirrin. Wutar da take sha ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In aka rage gudun da kashi 20 cikin 100, wutar takan ragu da kusan rabi. Saboda haka fankoki huɗu masu tafiya a hankali sun fi uku masu gudun ƙarshe sauƙin wuta, ko da iskar da suke turawa ɗaya ce. Wanda bai san wannan ba zai kashe fanka ɗaya yana ganin tsimi ya yi, alhali ƙari ya jawo. Haka nan wurin da aka liƙa ma'auni. Tsofaffin na'urori suna auna iskar da ta dawo gare su bayan ta ratsa ɗaki, ba wadda ke shiga bakin kwamfuta ba, don haka sukan sanyaya ɗakin fiye da yadda ake buƙata. Tun 1992 Robert Sullivan na kamfanin IBM ya kawo tsarin jera kantoci fuska da fuska, baya da baya, a samu lungun sanyi da lungun zafi, amma in ba a toshe ramuka da gurabun da babu kwamfuta ba, iskar biyu sai ta cakuɗe, ma'auni ya riƙa ba da labarin ƙarya.

To yaya ake gane gini na tsimi ko na ɓarna? A 2007 wata ƙungiyar kamfanoni mai suna Green Grid ta yaɗa wani ma'auni da ake taƙaita sunansa da PUE, wanda ya zama mizanin ƙasa da ƙasa a 2016. Lissafinsa mai sauƙi ne: duk wutar da ta shiga ginin, a raba ta da wadda kwamfutoci suka sha. In gini ya ja kilowat 1,600, kwamfutoci suka sha 1,000, sakamakon 1.6 ke nan. Duk abin da ya haura 1 na sanyaya ne da fitilu da asarar da ake yi a taransifoma da batura. Binciken shekara-shekara na cibiyar Uptime ya nuna matsakaicin ya sauko daga 2.5 a 2007 zuwa ƙasa da 2 a 2011, daga nan ya zo ya cije tsakanin 1.5 da 1.6 tsawon shekaru. Google kuwa yana bayar da rahoton kusan 1.1 a rumbunansa.

Wannan ma'auni ya yi amfani, domin ya kunyata masu ɓarna. Amma yana da rami, kuma duk mai son fahimtar gwaji ya kamata ya san shi. A cikin kowace saba akwai 'yan ƙananan fankoki, kuma wutarsu ana lissafa ta a ɓangaren kwamfuta ne, ba a ɓangaren sanyaya ba. Mu ƙaddara gini yana jan 1,500, kwamfutoci 1,000, sauran 500, wato 1.5. Sai manaja ya ɗaga zafin ɗakin sosai. Injinan sanyi suka huta, 500 ta koma 460. Amma fankokin cikin saba suka ji zafi suka ƙara gudu, 1,000 ta zama 1,050. Jimilla yanzu 1,510, ta fi ta da. PUE kuwa ya sauko zuwa 1.44. A takarda an ci gaba, a wurin biyan kuɗin wuta an koma baya. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ya kashe kwamfutocin da ke zaune ba aikin komai ya rage wutar ginin da gaske, amma lambarsa sai ta yi muni. Ga kuma mai auna ginin sa da tsakar dare a tsakiyar hunturu, ya buga lambar a takardar talla. Shi ya sa mizanin ya nemi a tattara awon shekara guda cur.

Gwajin da na fi ganin ya cancanci a koya daga gare shi shi ne wanda kamfanin Intel ya yi a jihar New Mexico, daga Oktoban 2007 zuwa Agustan 2008. A lokacin kowa ya yi imani cewa kwamfuta ba ta jure zafi da ƙura, sai ɗaki mai sanyi ƙarara da iska tatacciya. Intel ya ɗauki wani ɗakin tirela ya raba shi biyu, ya zuba saba 900, rabi nan rabi can, duk suna aiki mai nauyi iri ɗaya. Ɓangare ɗaya aka ba shi iyakwandishan na al'ada. Ɗayan kuwa iskar hamada aka riƙa tura masa, da 'yar tacewa kaɗan, ba tare da an kula da laima ba. Dokar da aka sa wa na'urar sarrafawa gajeriya ce: in iskar waje ta wuce digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, a sanyaya ta zuwa 32, in ta yi ƙasa da 18, a gauraya ta da zazzafar iskar da kwamfutoci suka fitar don ta ɗumama. Laima ta yi ta hawa da sauka daga kashi 4 zuwa sama da 90. Ƙura ta lulluɓe injinan.

Bayan wata goma, kashi 4.46 cikin 100 na sabar da ke ɓangaren iskar waje ne suka lalace, yayin da a babban rumbun kamfanin adadin ya kasance 3.83. Kamfanin ya lissafa cewa a irin wannan yanayi za a iya rage kimanin kashi 67 na wutar sanyaya a shekara. Waɗannan lambobi biyu aka fi yayatawa. Amma akwai ta uku a cikin rahoton, wadda ba a cika ambata ba: a ɓangaren tirelar mai iyakwandishan, wanda shi ne abokin gwami na gaskiya, lalacewar 2.45 ce kawai. In da ita aka gwama, bambancin ya kusa ninki biyu. Wannan bai rushe sakamakon ba, don wutar da aka tsimar ba kaɗan ba ce. Sai dai ya nuna cewa amsar gwaji ta dogara da abin da aka ajiye a ɗaya gefen sikeli. Intel ya cancanci yabo da ya buga lambar ta uku, da ya ga dama sai ya yi shiru.

A daidai wannan lokaci wasu injiniyoyin Microsoft biyu, Christian Belady da Sean James, suka kafa tanti a waje suka sa saba biyar a ciki, daga Nuwamban 2007 zuwa Yunin 2008, ko ɗaya ba ta mutu ba. Injina biyar ba hujja ba ce, tsokana ce, amma tsokanar ta yi aiki. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumamawa da sanyaya ta Amurka, ASHRAE, wadda a 2004 ta ba da shawarar a riƙe ɗaki tsakanin digiri 20 da 25, ta faɗaɗa shi a 2008 zuwa tsakanin 18 da 27. Duk da haka har yau akwai ɗakunan da ma'aikaci ke shiga da rigar sanyi, don babu manajan da aka taɓa kora saboda ɗaki ya yi sanyi da yawa, amma an kori wasu saboda saba ta ɗauke.

Gwajin tsarin sarrafawa yana farawa tun kafin a shigo da kwamfuta ko ɗaya. Idan an gama gini, sai a jera hitocin lantarki a kantoci, su tsaya a madadin saba, su riƙa fitar da zafin da ake tsammani. A kunna rubu'insu a auna, a kunna rabi a auna, a kunna duka. Wannan hawa-hawa yana da muhimmanci, domin sabon rumbu yakan yi shekaru bai cika ba, kuma injin da ke da tsimi a cikakken lodi yana iya zama maciyin wuta idan lodin rubu'i ne. Sannan a shiga jarrabawa mai zafi: a kashe famfo ɗaya da gangan a ga ko na ajiya zai tashi, a cire wayar ma'auni a ga me ƙwaƙwalwar za ta yi in ta makance, a yanke wutar gari baki ɗaya a ƙirga daƙiƙun da janareta zai ɗauka da yadda zafi zai hau kafin injin sanyi ya dawo hayyacinsa. Su kansu ma'aunan sai an gwada su da wani amintaccen ma'auni, domin kaucewar digiri ɗaya tana iya sa inji ya yi ta aikin banza shekara da shekaru.

Idan kuma gini na aiki ne ake son a gwada sabon saiti, sharaɗi na farko shi ne a san yadda yake shan wuta kafin a taɓa komai. Na biyu, a cire tasirin yanayi. Wanda ya canza saiti a ƙarshen bazara ya ga wuta ta ragu da shigowar sanyi, bai san ko dabararsa ce ta yi aiki ko Allah ne ya kawo sauƙi ba. Hanya mafi tsabta ita ce kunnawa da kashewa: sabon tsari na wani lokaci, tsoho na wani lokaci, a maimaita sau da yawa a yanayi daban-daban. Irin wannan zane ne kamfanin DeepMind ya nuna a 2016, lokacin da ya ce ƙirƙirarriyar basirarsa ta rage wutar sanyaya a wani rumbun Google da har kashi 40 cikin 100: an kunna shawarwarin manhajar layin ya sauka, an kashe ya koma inda yake. A 2018 suka miƙa wa manhajar linzami kai tsaye, tana duba dubban ma'aunai duk minti biyar, amma da iyakokin da ba za ta tsallake ba, kuma ma'aikaci na iya karɓe iko a kowane lokaci. Tsimin da suka bayyana a wannan karon kusan kashi 30 ne a matsakaici. Mai karatu ya lura da bambancin “har kashi 40” da “matsakaicin kashi 30”, ya kuma tuna cewa mai kayan ne ya auna kayansa.

Tsimi yana da iyaka, kuma rana mafi zafi ce ke nuna ta. A ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Birtaniya, karo na farko a tarihin awonsu. Na'urorin sanyaya na rumbunan Google da Oracle a Landan suka gaza, aka kashe wasu injina don ceton saura. Asibitocin Guy's da St Thomas' suka rasa kwamfutocinsu, likitoci suka koma takarda da biro na makonni. An tsara gine-ginen ne bisa zafin da aka saba gani a da, shi kuwa yanayi ya riga ya sauya.

Sai batun ruwa. Sanyaya ta hanyar feshi tana rage wuta ƙwarai, amma ruwan da ya ƙafe ya tafi ke nan. Gini na iya nuna lambar wuta mai ban sha'awa alhali yana shanye ruwan garin da ke fama da fari. Shi ya sa Green Grid ta ƙara ma'aunin ruwa a 2011, kuma lambar wuta da ba ta zo tare da ta ruwa ba rabin labari ce. A ƙasashen sanyi kuwa sun juya matsalar ta zama riba: zafin da ke fita daga rumbun Facebook na garin Odense a Denmak ana tura shi ta bututu yana ɗumama dubban gidaje.

Gwamnatoci sun fara sa baki. Dokar da Jamus ta kafa a 2023 ta tanadi cewa sabon rumbun da zai fara aiki daga Yulin 2026 kada lambarsa ta PUE ta wuce 1.2. Singafo, wadda ta dakatar da gina sababbi daga 2019 zuwa 2022, ta fitar da nata mizanin na ƙasashen zafi a 2023, inda ta nemi a riƙa ɗaga zafin ɗaki sannu a hankali zuwa digiri 26 ko fiye, ana aunawa a kowane mataki, bisa lissafin cewa kowane digiri ɗaya na iya rage kashi 2 zuwa 5 na wutar sanyaya. Aikin ma ƙara wuya yake yi. Kantar da a da ke shan kilowat biyar zuwa goma, ta injinan ƙirƙirarriyar basira na zamani tana haura 100, abin da iska ba za ta iya kwashewa ba, sai an kai ruwa ta bututu har kan ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sababbin famfuna, sababbin ma'aunai, sababbin hanyoyin kuskure.

Mizanin Singafo ya fi na Turai kusa da halinmu. Yawancin manyan rumbunan Najeriya a Legas suke, inda iska ke da zafi da laima kusan duk shekara, feshin ruwa ba ya wani tasiri, kuma wani kaso na wutar daga janareta ko injin gas yake fitowa, don haka kowane kilowat da aka ɓarnatar kuɗin mai ne. A arewa kuwa lissafin daban ne: bushewar rani tana ba feshi dama, amma ga ƙurar hunturu mai toshe matata, ga zafin Afrilu, ga ƙarancin ruwa, sannan damina ta zo ta sauya komai. Lambar da aka samo a Oregon ba ta da abin cewa a nan. Duk hukuma ko banki ko jami'a da ɗan kwangila ya zo mata da alƙawarin tsimin kashi kaza, ta nemi ya nuna mata karatun mitar ginin gaba ɗaya, na wata goma sha biyu, tare da na ruwa, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an maimaita gwajin a watan da ya fi kowane zafi.